Jirgin dakon soja a lokacin yaƙi: tun daga ƙasa hatsarin yake farawa

Duk sanda jirgin dakon soja ya faɗi a fagen yaƙi, kafin hayaƙi ya lafa sanarwa biyu sun riga sun fito. Rundunar da ke da jirgin za ta ce matsalar na'ura ce, abokan gaba kuma su ce su suka kakkaɓo shi. Kowa da abin da yake karewa. Masu jirgi ba sa son a ce hannun maƙiyi ya kai sama, maƙiyi kuwa abin da yake so a ce ke nan. Wani lokaci ma abin juyewa yake yi: a ranar 24 ga Janairun 2024, da wani Il-76 na Rasha ya faɗo a yankin Belgorod, Rasha ce da kanta ta yi saurin cewa harbo shi aka yi, domin a cewarta fursunonin yaƙi 65 ƴan Yukiren ne a ciki ana kai su wurin musaya, don haka alhakin jinin yana wuyan Yukiren.

Mu da muke jin labarin a rediyo ko a waya, sai mu rabu gida biyu a fada, ana shan shayi ana musu, waɗannan na cewa harbi ne, waɗancan na cewa jirgin ne ya tsufa. A ganina wannan musu ya tsaya a bakin ƙofa. Idan aka bi hatsarurrukan da aka bincika da gaske aka fitar da sakamakonsu, abin da ake tararwa kusan kullum shi ne wata shawara da aka yanke tun jirgin yana ƙasa: wa ya ce a ƙara mutane, wa ya ɗaure kayan, wa ya ce a tashi yau ko da hazo, wa ya ɗage gyara zuwa wata mai zuwa. Ko inda makami ya taɓa jirgin, sau da yawa ƙarasa aikin da sakaci ya fara kawai ya yi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Nijar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267. Daga Yamai zuwa Diffa, ta hanyar da ta biyo ta Dosso da Birnin Ƙonni da nan Maraɗi da Damagaram, tafiyar sama da kilomita 1,300 ce, kuma tun watan Fabrairun 2015 da Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa ake jigilar sojoji da kayansu zuwa can. Balle a yi maganar Dirku ko Madama, inda ayarin motoci kan kwana da kwanaki cikin rairayi kafin ya isa. Soja da aka harba a bakin tafkin Cadi ba zai jure tafiyar mota zuwa babban asibiti ba. Saboda haka jirgin dako dole ne gare mu, kuma cikin waɗanda ke zama a cikinsa akwai ƴaƴan Maraɗi da Tasawa da Dakwaro da Madarunfa. Mun ma taɓa ɗanɗana ɗacin abin: a watan Afrilun 1997 wani C-130 na sojan saman Nijar ya faɗi a kusa da Yamai yana shirin sauka, mutum 14 suka rasu.

Shi jirgin dako, ba kamar jirgin yaƙi ba, jaki ne na sararin sama. C-130, wanda kamfanin Lockheed na Amurka ya fara tayarwa a 1954, yana ɗaukar kusan tan 20 na kaya ko sojoji 92, dogon samfurinsa kuma 128. Il-76 na Tarayyar Sobiyet, da ya fara tashi a 1971, yana ɗaukar fiye da ninki biyu na wannan nauyi. Manya ne, ba su da saurin kauce wa hari, ba su da kujerar da ke cilla matuƙi waje, kuma kowa ya san inda za su sauka, tun da filin jirgi ba ya ɓuya. Idan jirgin yaƙi ya faɗi mutum ɗaya ko biyu ake rasawa. Idan jirgin dako ya faɗi, runduna guda ce. A ranar 11 ga Afrilun 2018, a maƙwabciyarmu Aljeriya, wani Il-76 ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Bufarik a kan hanyarsa ta zuwa Tinduf da Beshar, mutum 257 suka tafi lokaci guda, sojoji da iyalansu.

Tun a yaƙin duniya na biyu aka gane cewa babban makashin waɗannan jirage sau da yawa ba ya riƙe da bindiga. Bayan Japan ta datse hanyar mota ta ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a 1942, Amurka ta koma kai wa Sin kayan yaƙi ta sama, daga Assam a Indiya, a tsallaka duwatsun Himalaya, a sauka a Kunming. Zuwa 1945 an yi asarar jirage kusan 600 a wannan hanya, kuma mafi yawansu ƙanƙara da guguwa da duwatsu da lalacewar inji ne suka ci su. Abin lura shi ne yadda aka rage ɓarnar. Da Janar William Tunner ya karɓi aikin a 1944, ya tsaurara tsarin gyara da duba jirage, ya sa ana bin diddigin kowane hatsari, ya gyara wa matuƙa wurin kwana da abinci. Kayan da ake kaiwa suka ƙaru, hatsari kuma ya ragu, alhali duwatsun suna nan inda suke. A Stalingrad kuwa, wani birni na Tarayyar Sobiyet, akasin haka aka gani. Shugabannin Jamus sun yi wa rundunarsu da aka yi wa ƙawanya alkawarin ciyar da ita ta sama, alkawarin da masu lissafi suka san ba zai cika ba. Ana buƙatar aƙalla tan 300 a yini, abin da ke isa a matsakaici bai wuce ɗari da ɗoriya ba, kuma cikin wata biyu da ƴan kwanaki aka yi asarar jirage kusan 490, da yawa a kan titin jirgi mai santsin ƙanƙara.

Lodi shi ne wurin da na fi son mu daɗe, domin shi ne abin da muka fi raina wa. Kowa a garin nan ya san yadda ake loda babbar mota da buhunan aya ko wake: a yi ta jibgawa har sai ta durƙusa, sannan fasinja su hau bisa. Idan inji ya gaza a kan tudu, direba ya gangara gefen hanya, karen mota ya diro ya sa dutse a bayan taya. Jirgi ba shi da gefen hanya. Kuma a jirgi, inda nauyin ya zauna ya kai yawan nauyin muhimmanci. Dukan jirgin yana rataye ne a kan fukafukansa kamar sikeli, ƙananan fukafukan wutsiya kuma su ke ɗaga hancinsa ko su sunkuyar da shi. Idan kaya suka zame baya ana cikin hawa, hanci zai miƙe sama, gudu ya ragu, fukafukai su daina riƙe iska, jirgin ya faɗo kamar dutse ko da injinansa duka suna aiki. Shi ya sa a cikin ma'aikatan jirgin dako akwai mutum guda da aikinsa kenan, mai kula da lodi: ya auna kowane kaya, ya lissafa gurbinsa, ya ƙirga sarƙoƙi da igiyoyin da za su riƙe shi.

A ranar 29 ga Afrilun 2013 duniya ta ga abin da ke faruwa idan wannan lissafi ya kuskure, domin kyamarar wata mota ta ɗauki hoton faɗuwar. Wani Boeing 747 na ƴan kwangila, da sojan Amurka suka ɗauka haya, ya tashi daga sansanin Bagram a Afganistan ɗauke da motocin sulke 5, uku masu tan 18, biyu masu tan 12. Tun suna ƙasa suna shan mai, ma'aikatan sun lura cewa wata igiya ta tsinke kuma kayan sun ɗan motsa a tafiyar da ta kawo su Bagram. Baƙin akwati ya naɗi muryoyinsu suna tattauna zancen. Aka ƙara ɗaurewa, aka tashi. Da jirgin ya ɗaga hanci, motar da ke can baya ta ɓalle, ta fasa bangon bayan jirgin, ta lalata bututun man da ke motsa sassan tuƙi da ƙarfen da ke riƙe fukafukan wutsiya. Daga nan babu abin da matuƙi zai iya. Mutum 7 da ke ciki duk suka rasu. Masu bincike sun gano cewa igiyoyin da aka sa sun yi kaɗan ƙwarai, kuma littafin ƙa'idar kamfanin bai koya wa mai kula da lodin yadda ake ɗaure irin wannan kaya ba. Ana tsakiyar yaƙi, a ƙasar da Taliban ke harbin jirage, amma igiya ce ta kashe su.

Lodin mutane kuwa ya fi wuyar hanawa, saboda kaya ba sa roƙo. Wani dattijo tsohon soja da muke zama da shi a unguwa, na taɓa tambayarsa: "Baba, in kun ga jirgi ya cika maƙil, ba mai cewa a rage?" Ya dube ni ya ce: "Ɗana, wanda ya yi wata shida a daji bai ga iyalinsa ba, kuma bai san ranar da wani jirgin zai sake zuwa ba, kai za ka ce masa ya sauka? Kuma in babba ya ce a shiga, ƙaramin soja ba ya ƙirga kujeru." Wannan amsa ta ƙunshi matsalar gaba ɗaya. A jirgin farar hula matuƙi ne sarki, in ya ce ba ya tashi an gama magana. A jirgin soja matuƙin yana iya zama kyaftin, fasinjansa kuma kanar ko janar.

A ranar 26 ga Satumban 1992, wani C-130 na sojan saman Najeriya ya tashi daga Legas zuwa Kaduna, injinansa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, cikin ƴan mintuna ya faɗa cikin fadama a Ejigbo. Sama da mutum 150 ne a ciki, babu wanda ya tsira, kuma akasarinsu hafsoshi ne matasa masu karatu a kwalejin horar da manyan hafsoshi ta Jaji. A tuna adadin kujerun da na ambata a sama. Jirgi mai inji huɗu an ƙera shi ya iya ci gaba da tashi idan ɗaya ya mutu, amma kowane kilo da aka ƙara yana cinye wannan rarar da aka bar wa matuƙi don ranar wahala. A Ceceniya ma haka aka yi ranar 19 ga Agustan 2002. Ƴan tawaye sun harbi wani katafaren jirgi mai saukar ungulu, Mi-26, da makami mai linzami na kafaɗa a kusa da sansanin Kankala. An ƙera shi don mutum 80 da ɗoriya, amma sama da 140 ne a ciki. Ya faɗa a cikin filin nakiyoyin da sojan Rasha suka binne don kare sansaninsu, mutum 127 suka mutu. Makamin na ƴan tawaye ne, amma yawan gawarwakin na waɗanda suka loda jirgin ne, kuma daga baya an gurfanar da kwamandan rundunar jiragen bisa laifin sakaci.

Sai kuma yanayinmu na Sahel, wanda ke ƙara wa duk wannan nauyi. Iska mai zafi ba ta da kauri. A rana irin ta watan Afrilu ko Mayu, da zafi ya kai digiri 45, kaurin iska yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 idan aka gwada da digiri 15 da ake ɗauka ma'auni. Ma'anarsa fukafuki yana samun abin riƙewa kaɗan, inji yana shaƙar iska kaɗan, jirgi yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya rabu da ƙasa. Lodin da ya tashi lafiya da asuba yana iya gagarar jirgi ɗaya, a fili ɗaya, da azahar. Da hunturu kuma ga hazo, wanda mu a Maraɗi muka san yadda yake rufe gari har mutum ba ya hango ƙarshen layi. Manyan filayen jirage suna da na'urorin da ke jagorantar matuƙi har ƙasa ko bai gani ba. Filayen da jirgin dakon soja ke sauka a bakin daga galibi ba su da su, wasu ma jar ƙasa ce aka daddaɓe. Jirgi mai saukar ungulu kuwa da kansa yake tayar da ƙurar da za ta makantar da matuƙinsa a daƙiƙun ƙarshe na sauka. A watan Satumban 2023 an ga hoton wani Il-76 da ya sauka a Gao, ya zarce ƙarshen titi, ya kama da wuta. A daren 25 ga Nuwamban 2019, a yankin Liptako na Mali, jiragen Faransa biyu masu saukar ungulu, ɗaya na yaƙi ɗaya na dakon sojoji, suka yi karo cikin duhu suna tallafa wa dakarun da ke fafatawa a ƙasa. Sojoji 13 suka mutu ba tare da harsashi ya taɓa ko ɗaya daga jiragen ba.

Akwai wani hatsari da nake yawan tunawa saboda ƙanƙantar abin da ya jawo shi. Daren 2 ga Oktoban 2015 ne, a filin jirgin Jalalabad da ke Afganistan. Wani C-130J na Amurka, sabon samfuri, lafiyayye, ana sauke masa kaya ana loda wasu, injina na kunne saboda ba a son daɗewa a ƙasa. Kayan dogaye ne, sai masu lodi suka roƙi matuƙi ya ɗaga musu fukafukan wutsiya don su samu wurin wucewa. Ya ja sitiyarin jirgin zuwa ƙirjinsa ya riƙe. Da hannunsa ya gaji, sai ya ɗauki akwatin ajiye tabaran gani cikin dare, ɗan akwati mai tauri, ya soka shi a gaban sitiyarin ya tokare. Aikin lodi ya ɗauki lokaci, hankali ya koma kan lissafin nauyi da tsawon titi, aka manta da akwatin. Ɗakin tuƙi duhu, matuƙan biyu sanye da tabaran dare waɗanda ke rage ganin abin da ke kusa. Da suka tashi, hancin jirgin ya yi ta miƙewa sama, suka tura sitiyari gaba ya ƙi tafiya. Suka ɗauka wata na'ura ce ta lalace, suka shiga neman gyara abin da lafiyarsa ƙalau. Daƙiƙa 28 bayan rabuwa da ƙasa jirgin ya faɗo a kan hasumiyar masu gadi. Mutum 11 da ke ciki da ƴan Afganistan 3 a ƙasa suka rasu. Nan take Taliban ta ce ita ta harbo shi. Da ba a yi bincike an fitar da shi fili ba, da har yau haka za a riƙa faɗa, kuma da wani matuƙin ya sake tokare sitiyari da akwati.

Gyara shi ne ɓangaren da ba a gani, shi ya sa ake fara cin amanarsa. Kowane sashe na jirgi yana da adadin awannin da zai yi a canza shi. Yaƙi yana ninka awannin tashi, a daidai lokacin da kuɗi da kayan gyara suke ƙaranci. Abin da makanikan soja ke yi a ko'ina idan kaya suka yanke shi ne su kwance daga jirgin da ke ajiye su ɗaura wa mai tafiya. A ranar 4 ga Afrilun 1975, Saigon na gab da faɗuwa, wani C-5 na Amurka, jirgin dako mafi girma a lokacin, ya ɗebi yara marayu da masu rainonsu zai fitar da su daga Biyetnam. Mintuna kaɗan bayan tashi, makullan babbar ƙofar baya suka saki, ƙofar ta ɓalle ta tsinka wayoyin da ke sarrafa wutsiya. Matuƙan sun yi abin a yaba: suka juyo da jirgin suna sarrafa hawansa da saukarsa da ƙarfin inji kawai, har suka kai shi gonar shinkafa kusa da fili. Mutum 138 suka rasu, 78 daga cikinsu yara ne, fiye da rabin waɗanda ke ciki kuma suka tsira. Da farko an yi zargin zagon ƙasa. Bincike ya nuna makullan ne ba a daidaita su yadda ya kamata ba bayan an taɓa su a wurin gyara.

Wannan darasi ya fi shafar ƙasashe irin tamu, da ba ma ƙera ko ƙusa ɗaya ta jirgi. A watan Janairun 2021 Amurka ta miƙa wa Nijar wani C-130H a sansanin sojan sama na 101 a Yamai. A 2024 sojojin Amurka suka kwashe nasu ya nasu daga Yamai da Agadas. Ko mutum yana goyon bayan wannan rabuwa ko ba ya yi, jirgi bai san siyasa ba: wanda aka ƙera a Amurka kayan gyaran Amurka yake ci, na Rasha na Rasha, na Turkiyya na Turkiyya, kuma kowanne da makanikan da aka horar a kansa. Ƙasar da ta sauya abokan hulɗa tilas ta tanadi amsar inda kayan gyaran tsoffin jiragenta za su fito. Idan jiragen gwamnati suka kasa, hanyar da aka saba bi a Afirka ita ce hayar tsoffin Antonov da Ilyushin daga ƙananan kamfanoni, kuma manyan ƙasashe ma suna yi. Antonov ɗin nan samfurin An-26 da ya faɗa teku a Abijan ranar 14 ga Oktoban 2017, ya kashe ma'aikata 4 ƴan Moldoba, sojan Faransa ne suka ɗauke shi haya don aikinsu na Sahel.

Ban ce maƙiyi ba ya harbo jirgi ba. Yana yi, kuma a wuri biyu ya fi samun sa'a, wajen tashi da wajen sauka, lokacin da jirgin yake ƙasa-ƙasa kuma a hankali. Makamin kafaɗa yana bin zafin inji ne, mutum ɗaya ke ɗaukarsa, kuma tun bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 ake fargabar inda na rumbunan Libiya suka shiga. A ranar 14 ga Yunin 2014 an harbo Il-76 na Yukiren yana shirin sauka a Luhansk, mutum 49 suka mutu, kuma daga baya kotu a Yukiren ta kama wani janar da laifin tura jirgin alhali akwai gargaɗin cewa ƴan tawaye na dakon filin da makamai, kodayake kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2021. Wani lokaci ma wutar ta gida ce. A daren 11 ga Yulin 1943, a tsibirin Sisili na Italiya, jiragen ruwa da dakarun ƙawance suka buɗe wa jiragen dakonsu wuta suna zaton Jamusawa ne, suka kakkaɓo 23 daga cikin 144, saboda saƙon cewa namu na tafe bai isa ga kowane mai bindiga ba.

Misalin da ya fi nuna yadda harbi da sakaci ke haɗuwa shi ne na jirgin Hercules, wato C-130, na Ingila da aka harbo a Iraƙi ranar 30 ga Janairun 2005. Yana tafiya ƙasa-ƙasa da rana tsakanin Bagadaza da Balad, harbi daga ƙasa ya sami tankin man da ke cikin fukafuki, tururin mai ya fashe, fukafukin ya karye, mutum 10 suka mutu. Akwai wani soso na musamman da ake cusawa cikin tankin mai don hana irin wannan fashewa, kuma jiragen Amurka irin wannan suna da shi tun zamanin yaƙin Biyetnam. Na Ingila ba su da shi, duk da an taɓa ba da shawarar a sa. Iyalan mamatan suka ƙi yin shiru. Aka yi zaman bincike a bainar jama'a, a 2008 mai binciken ya ɗora wa hukumomin soja laifin gazawa mai tsanani, aka kuma sa wa sauran jiragen soson.

A nan ne bambancin yake tsakanin ƙasashe, kuma doka ta bar ƙofar a buɗe. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa dokokin sufurin sama na duniya, ta tsame jiragen soja da na kwastan da na ƴan sanda daga hukuncinta. Jirgin fasinja in ya faɗi, ƙa'ida ta tanadi a yi bincike mai zaman kansa a fitar da rahoto kowa ya karanta. Jirgin soja kuwa rundunar da ta yi asarar ita ke binciken kanta, ita ke yanke abin da za a faɗa. Akwai abubuwan da suka cancanci sirri, kamar hanyar da jirage ke bi da irin kariyar da suke da ita, ban musa ba. Amma yawan mutanen da aka loda, da ranar da aka yi wa inji gyaran ƙarshe, da awannin da matuƙi ya yi bai runtsa ba, ɓoye su ba ya kare kowa sai wanda ya yi sakacin. Mu musulmi ne, mun yarda kowa da ranarsa, kuma muna faɗin haka a gidan makoki da zuciya ɗaya. Wannan imani bai taɓa ɗauke wa mai amana alhakin amanarsa ba.

Inda aka rufe bakin bincike, jita-jita ce ke cike gurbin. Sama da shekara 30 bayan Ejigbo, har yau akwai masu rantsuwa cewa da gangan aka hallaka hafsoshin nan, matan da suka bari kuma sun shafe shekaru suna bin ofisoshi neman haƙƙin mazajensu. Da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, babban hafsan sojan ƙasa na Najeriya, ya rasu tare da mutum 10 a hatsarin jirgin soja a Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021, wata uku kacal bayan irin wannan jirgi ya kashe mutum 7 a Abuja, zarge-zargen sun tsallako iyaka sun iso mu ta Jibiya da Ɗan Isa kafin a yi jana'iza. Abin da nake so daga hukumomin sojanmu tun kafin irin wannan rana ta zo abu ne da ba ya cin kuɗi mai yawa: a rubuta a doka cewa matuƙi da mai kula da lodi suna da ikon ƙin tashi ko wane ne fasinja, babu wanda zai hukunta su a kan haka, kuma duk jirgin da ya faɗi, iyalan waɗanda ke ciki za a kira su a zaunar da su a karanta musu abin da bincike ya gano.